Wasiƙa Zuwa ga Kamfanin CLEAR: Gurbin Wa Kuke Sayarwa a Layi?

Zuwa ga kamfanin CLEAR,
Birnin New York, Amurka.

Dalilin rubuto muku wannan wasiƙa shi ne wata tambaya da ke yawan tasowa a tsakanin mutanenmu mazauna Amurka, tun daga masu tuƙin tasi na Bronx har zuwa likitoci da injiniyoyin Houston, musamman idan hutu ya matso aka fara neman tikiti. Tambayar ita ce, dala 209 da kuke karɓa duk shekara, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa? Na ga ya fi kyau in faɗi amsata a gabanku, kada in yi da ku a bayan ido. Ga mafi yawan masu tambayar, ba ta biya. 'Yan kaɗan ɗin da take yi wa rana kuma, akwai abin da ya kamata su sani kafin su kai idonsu gaban na'urarku.

Da yawa ba su fahimci ainihin abin da kuke yi ba. A filin jirgin saman Amurka shinge biyu matafiyi yake wucewa. A na farko akwai jami'in hukumar tsaron sufuri ta TSA, ya karɓi fasfo ko lasisin tuƙi, ya dubi hoto, ya ɗago kai ya dubi fuska. Na biyun shi ne binciken kansa, inda jaka ke shiga injin haskawa, mutum ya zube abin da ke aljihunsa a tire, sannan ya wuce ta na'urar binciken jiki. Ku a shingen farko kaɗai kuke da hannu. Mai rajista ya tsaya gaban na'urarku, ta karanci ƙwayar idonsa ko fuskarsa ko zanen yatsunsa, sunansa ya fito a allo. Sai ma'aikacinku ya ce ya biyo shi, ya zare igiyar shinge, ya kai shi har gaban jami'in, ya wuce mai goyo da jakunkuna biyu, ya wuce dattijon da ya jingina da sandarsa tun ɗazu. Daga nan aikinku ya ƙare. Binciken da za a yi wa kowa shi za a yi masa, ba ragi.

A nan damuwata take. Injin haskawar na TSA ne, jami'an binciken ma nata ne, kuma yawan mutanen da za su iya wucewa a awa ɗaya bai canza ba don kun zo. Mintocin da kuka rage wa mai rajista ba daga sama suka faɗo ba, an yanko su ne daga lokacin waɗanda ke bayansa. Kamar a gidan injin niƙa ne wani ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi yana tura kwanon wanda ya biya gaba. Injin bai ƙara gudu ba, yarinyar da aka aiko tun da hantsi ce kawai za ta kai azahar. Su kuwa na bayan ba alfarma ake yi musu ba. Duk tikitin jirgin da ke tashi daga Amurka akwai dala 5.60 na kuɗin tsaro a kan kowace tafiya, harajin da aka ɗora bayan harin 11 ga Satumban 2001, shekarar da aka kafa TSA. Kowa ya riga ya biya kuɗin wannan layi. Wannan ce hujjar da Sanata Josh Newman na majalisar jihar Kalifoniya ya kafa a 2024, lokacin da ya gabatar da ƙudurin da ke neman kamfani irin naku ya samar da layin bincike nasa na kansa, ya daina cusa mutanensa a gaban na kowa. Ƙudurin bai zama doka ba, amma ni har yau ban ji amsar da ta rusa hujjarsa ba.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne su wa ke cin ribar. Filayen jiragen saman da kuke aiki a cikinsu suna samun kaso daga kuɗin da kuke tarawa. Kamfanonin jirage na Delta da United sun sayi hannun jari a cikinku, suna kuma yi wa manyan fasinjojinsu ragi ko su ba su rajistarku kyauta. Ban ce wani yana tsawaita layi da gangan ba, ba ni da shaidar haka. Amma idan waɗanda ya kamata su fi kowa matsa wa gwamnati ta gajarta layi suna da rabo a cikin kasuwancin da ba ya tafiya sai layi ya yi tsawo, to wa ya rage da zai yi wa talaka magana?

Ko a ajiye maganar adalci a gefe, a koma lissafin aljihu zalla, nan ma da sauran magana. Kuɗinku ya daɗe a dala 179, ya koma 189 a 2022, ya koma 199 a 2024, ya kai 209 a 2025. A shekara biyar, a farashin yau, dala 1,045 ke nan. Shirin gwamnati na TSA PreCheck bai wuce dala 85 ba na shekara biyar ɗin gaba ɗaya, wato naku ya ninka shi fiye da sau 12. Kuma shi PreCheck a shinge na biyu yake sauƙaƙawa, inda ainihin wahalar take: ba a ciro kwamfuta daga jaka, ba a fito da 'yan kwalaben man shafawa, ba a kwance bel. Yana aiki a filaye sama da 200, ku kuwa kimanin 60. Mai yawan fita ƙasashen waje kuma akwai Global Entry, dala 120 na shekara biyar, da PreCheck a cikinsa, ga kuma sauƙin wuce layin shige da fice idan an dawo, wurin da rajistarku ba ta da ta cewa. Ɗan'uwanmu da ke hawa jirgi daga Atlanta zuwa Legas ko daga New York zuwa Accra sau ɗaya a shekara, sau ɗaya tak zai yi amfani da ku a wannan tafiya, a wajen fita. A Legas da Accra babu wanda ya san da zamanku. Ko mai tafiya huɗu a shekara a cikin Amurka, zuwa da dawowa, wucewa takwas ke nan, kowace ta tashi a kan dala 26. Mutumin da ke aika kuɗin makarantar ƙannensa gida ya san abin da dala 26 take yi.

Ratar da ke tsakanin layinku da sauran layuka ma sai ƙara tsukewa take. Tun watan Yulin 2025 aka daina tilasta wa kowa cire takalmi, dokar da ta yi kusan shekara 20 tana cin lokacin mutane. TSA da kanta ta fara tantance masu PreCheck da fuska a wasu manyan filaye ba tare da ƙarin ko sisi ba. Sannan nasararku ita ce take cin amfaninku. Masu biyan kuɗin rajistarku sun haura miliyan 7, da yawansu katin American Express ne ke biya musu. Idan duk masu sauri suka taru a layin masu sauri, ai layi ya dawo. Shi ya sa matafiya a filaye irin Atlanta da Denver suke ba da labarin ranakun da na layin PreCheck suka riga naku wucewa.

Duk wannan kuɗi ne, kuma kuɗi ana asararsa a mayar. Abin da ba a mayarwa shi ne wanda kuke karɓa ranar rajista. Mu da muka dangwala yatsa don BVN da NIN da katin zaɓe mun saba da miƙa hannu ba tambaya, har abin ya daina ba mu tsoro, alhali ya kamata ya ba mu. Wanda aka sace wa lambar sirri zai canza ta cikin minti biyu. Wanda aka sace wa zanen yatsa ko hoton ƙwayar ido, da su zai shiga kabari. Na san kun ce ba ku sayar da waɗannan bayanai, kuma mai rajista yana iya neman a goge nasa. Ban ƙaryata ku ba. Sai dai tarihin sunan da kuke ɗauke da shi ya isa ya sa mai hankali ya dakata. CLEAR na farko, wanda Steven Brill ya kafa ya fara aiki a Orlando a 2005, a 2008 kwamfutarsa mai ɗauke da bayanan mutum 33,000 ta ɓace a filin jirgin San Francisco, sai bayan kwanaki aka gan ta a ofishin da ta ɓata. A watan Yunin 2009 kamfanin ya rufe rana tsaka, mutum sama da 150,000 suka wayi gari kuɗinsu ya tafi, ba su kuma san makomar yatsunsu da idanunsu ba. Sai da kotu a New York ta shiga tsakani ta hana a sayar da bayanan. Gaskiya ne Caryn Seidman-Becker da Ken Cornick da suka sayi ragowar kamfanin a 2010 ba su ne suka yi waccan ɓarna ba, sun kuma gina abin da ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, har kuka shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2021. Amma alkawarin kamfani yana da rai ne muddin kamfanin yana hannun waɗanda suka yi alkawarin. A 2025 duniya ta ga yadda kamfanin 23andMe ya durƙushe, bayanan ƙwayoyin halittar mutum kimanin miliyan 15 suka shiga cikin kayan da ake ciniki a gaban kotu. Amurka kuwa ba ta da wata doka guda ta tarayya da ta tsare irin waɗannan bayanai gaba ɗaya, sai dai jihohi irin Illinois da ta yi tata tun 2008.

Wani zai ce ai PreCheck ma yana ɗaukar zanen yatsa. Haka ne, kuma gwamnatin ma ba tsira ta yi ba, domin a 2015 an sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatanta. To amma baƙon da ya shigo Amurka da biza, gwamnati ta riga ta karɓi yatsunsa tun a ofishin jakadanci, ba shi da zaɓi a kan wannan. Ba ku nasa kuwa zaɓi ne, ƙarin rumbu ne na biyu da shi da kansa ya buɗe, a hannun kamfanin da yanzu yake tantance mutane a filayen wasanni da asibitoci da dandalin LinkedIn.

Sai maganar tsaron kansa, tunda da sunansa aka ba ku wuri. A watan Yulin 2022, a filin jirgin Reagan na Washington, wani mutum ya wuce ta hannunku da sunan da ba nasa ba. Harsasan da injin TSA ya gano a jakarsa ne suka tona asirin. A 2023 an sake samun ma'aikatanku sun raka mutanen da ba su da rajista, ɗaya ma da takardar shiga jirgi da ya tsinto a kwandon shara. Kun ce kun sallami masu laifin kun gyara tsari. Sakamakon dai shi ne TSA ta ƙara yawan masu rajistarku da take cewa su fito da katin shaida, wato ainihin abin da suka biya kuɗi don kada a tambaye su.

Akwai kuma wani fata da na san yana ran wasu daga cikin mutanenmu, ko da ba sa furta shi. Bayan abin da Umar Farouk Abdulmutallab ya yi yunƙurin aikatawa a jirgin Detroit ranar Kirsimetin 2009, an saka Najeriya da Sudan cikin ƙasashe 14 da ake yi wa 'yan ƙasarsu ƙarin bincike. An janye wannan jeri bayan 'yan watanni, amma fargabar ba ta janye daga zukata ba. Mai suna Muhammadu ko Abubakar, da baiwar Allah mai hijabi, suna iya zaton idan na'ura ta san su tun daga ƙwayar ido, to an daina ware su gefe. Ba haka abin yake ba, kuma ya kamata ku riƙa faɗa musu a fili kafin su biya. Wanda aka buga wa SSSS, alamar ƙarin bincike, a takardar shiga jirginsa sai an zazzage jakarsa an lalube shi, da rajistarku ko babu. Idan jami'a ta ga dama ta shafa kan mai lulluɓi, rajistarku ba ta hana ta.

Ba zan hana ku haƙƙinku ba. Wanda aikinsa ke sa shi hawa jirgi kowane mako daga filin da kuke da na'ura, yana da PreCheck a haɗe, kuma ofis ko kati ne ke biya masa, wannan zai ga amfaninku a safiyar Litinin da lokacin hutun ƙarshen shekara, a ƙasar da tun Yulin 2024 ake samun ranar da TSA ke bincikar mutum sama da miliyan 3. 'Ya'yansa da ba su kai shekara 18 ba suna bin sa kyauta. Ba na ganin laifin irin wannan mutum don ya yi rajista, duk da cewa lokacin da ya samu na wani ne. Sauran jama'a kuwa, shawarata gare su ita ce PreCheck ko Global Entry ga wanda takardunsa suka ba shi dama, wanda ba su ba shi ba kuma ya yi sammako. Mai rashin lafiya ko naƙasa ya kira TSA Cares kafin ranar tafiya, taimakon kyauta ne.

Ku kuma ga abin da nake roƙo. Ku riƙa wallafa ainihin mintocin da masu rajistarku ke jira a kowane fili, kusa da na layin PreCheck, domin mai biya ya ga abin da yake saya. Ku rubuta a yarjejeniyarku, da harshen da kowa zai gane, cewa ranar da kamfanin ya canza hannu ko ya rufe, za a goge ido da yatsan duk wanda bai sake ba da izini da kansa ba. Mafi girma kuma, ku nemi a ba ku damar ɗaukar nauyin ƙarin injuna da ƙarin jami'an bincike daga kuɗin da kuke samu, ta yadda mai rajista zai wuce ta ƙofar da kuɗinsa ya buɗe. Ranar da kuka yi haka, ni da kaina zan sake lissafin, in kuma gaya wa masu tambayata abin da ya fito.

Wassalam. Ku huta lafiya.