Zumunta a Yatsa Take

Makon jiya na leƙa gidan gwaggona a Waca, sai na tarar da wani ƙaton hoto cikin gilashi, an kafa shi sama da jeren kwanoni. 'Ya'yanta shida ne reras, sun sha farar shadda iri ɗaya, a bayansu ga wani gidan bene mai furanni wanda ko a Damagaram ban taɓa ganin irinsa ba. Na yi tsaye baki buɗe, don na san babban shekararsa huɗu a Libiya, mai bi masa yana ga-ruwa a Kano, autan kuwa ba ya ga-maciji da yayansa tun ranar rabon gona.

Na ce, "Gwaggo, yaushe aka yi wannan taro ban ji ba?"

Ta ce, "Wane taro, ɗan nan? Yaron da ke cajin salula a bakin kasuwa ne ya haɗa mini su. Jika biyu ya karɓa."

Ikon Allah! Sulhun da ya gagari mai gari da liman shekara uku, yaro ya gama shi kafin shayi ya tafasa, har ya ɗora hannun auta a kafaɗar yayansa. Sai da na matsa kusa na lura kan na Libiya ya fi ƙarfin wuyan da aka dasa shi a kai, kunnensa guda kuma ya salwanta wajen yanka. Gwaggo ta ce ba komai, dama can ba ya jin magana.

A da, shiga hoto sai da ƙafa. Mai hoto ya rataya labule, a yi wanka, a ari agogo, a matsu da juna har a ji ƙamshin turaren na kusa. Da irin wannan sana'a Malick Sidibé na Bamako ya yi suna har aka ba shi babbar kyauta a Benis ta Italiya a 2007, kuma duk wanda ke cikin hotonsa da kansa ya zo. Namu gwanin ba ya neman mutum, kai kawai za a turo masa.

Mawaƙa ma sun gano hanya. Makaɗin da, sai ya san kakanka da garin da ya taso kafin ya taɓa kalangu. Yanzu ango zai tura sunaye ta WhatsApp zuwa wani situdiyo a Kano, bayan kwana biyu waƙa ta iso, mawaƙin yana rantsuwa bai taɓa ganin kyakkyawa kamar amarya ba. Gaskiyarsa, bai taɓa ganinta ba. A wani biki wajen Dungas da kunnena na ji an wasa amarya da sunan uwargida, don an kwafo tsohon saƙo. Uwargidan ce kaɗai ta yi liƙi.

Ban ce salula ba ta da rana ba. Da sai a cika kaset da gaisuwa a ba direba, a jira wata biyu; yau gwaggo na jin tarin ɗanta daga Sabha ta ce ya sha citta. Abin da ke ɗaure mini kai na kusa ne. Je ka fada da dare: samari bakwai kan tabarma ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, shayi na ƙonewa, ana neman rezon Najeriya sama da kai kamar masu duban wata. Maƙwabci ya rasu, katanga ɗaya tsakani, a tura hoton hannuwa biyu suna addu'a.

Da zan tafi, gwaggo ta ce tana so a sa ni a hoton, daga gefe. Na ce gobe zan biya wajen yaron ya ɗauke ni. Ta ce kar in wahalar da kaina, ya riga ya ciro kaina daga Facebook, shaddar ce ta rage.