Nasiha Ga Sabon Malamin Turanci A Ƙasar Mafara

Ya kai ɗan'uwa wanda ya karɓo shahadar malanta daga kwalejin Maru, aka kuma jefa shi wata firamare tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun domin ya sanya Turanci a bakin 'yan shekara tara, ka sani tun daga 1922, lokacin da Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, har zuwa 1976 da aka yi shelar ilimin firamare kyauta ga kowa, ba a taɓa jin malamin da ya shiga wannan fage ya fito rawaninsa bai karkace ba. Saboda haka ga sharuɗɗa biyar, ka riƙe su.

Sharaɗi na farko, sanin mafitar haruffa. Yaron da ya tashi yana cewa "hwaɗi" da "tahi" bisa ga fasahar mutanen Zamfara, ba ya ganin dalilin da zai sa a raba P da F, balle a ƙaro masa V a tsakani. Masana sun ce a riƙe takarda a gaban leɓe, in ta motsa to P ta fito. Amma kafin ka jarraba wannan hikima da aji guda, ka ja da baya taku uku, domin yayyafin da zai biyo baya ba na damina ba ne. Game da TH kuwa, wadda ba ta fita sai an sa harshe tsakanin haƙora, wajibi ne ka fara neman izinin iyaye, gudun kada labari ya kai gida cewa sabon malami yana koya wa yara gwalo.

Na biyu, haƙuri da tambaya. Almajirin da malamin tajwidi ya hore shi a kan bai wa kowane harafi haƙƙinsa, idan ya tarar Turawa sun ajiye K a goshin sunan wuƙa sannan sun haramta karanta ta, lalle zai nemi hujja, kuma babu littafin nahawun da zai cece ka. Sai ka ce masa mai gadi ce, albashinta a kan shiru yake. Haka nan in ya cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu kada ka fusata, gama kakanninsa da wannan dabara suka mallaki burodi da burki da asibiti, kuma har yau Ingila ba ta aiko neman kayanta ba.

Na uku, ka ji tsoron amshi. Waɗannan bayin Allah suna da baiwar hadda, ta yadda duk abin da ya fito daga bakinka za su mayar maka da shi da murya ɗaya, har da tarinka, har da "ku yi shiru". Idan ka tambayi ɗaya sunansa da Turanci ya mayar maka da tambayar cikin ladabi da kyakkyawan lafazi, to ka tabbata bango ya ji darasi, yaro bai ji ba.

Na huɗu, ka sauke tuffa daga kan allo. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, abin da yaron wannan yanki ya buɗe ido ya gani shi ne shinkafa da albasa da tumatir, kuma da sunayensu harshensa zai fi saurin sakuwa. Ranar Talata, in ka ga aji ya yi fili, kada ka zargi kowa da ƙin ilimi: sun tafi kasuwar Mafara, inda wanda ya kasa ƙirga ashirin a gabanka yake ba da canjin dubu ba tare da kuskuren sisi ba.

Na biyar, kuma shi ne mafi girma, kada ka ɗora tara a kan mai magana da Hausa. Duk malamin da ya naɗa monita ya rubuta masa sunayen masu wannan laifi, zai sami aji mai natsuwa ƙwarai wanda babu harshen da ake yi a cikinsa, alhali kuwa manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ita da kanta ta yi umarni a fara wa yaro karatu da harshen uwa. Ka fassara, ka maimaita, ka bari su yi maka dariya. Ranar da wata yarinya ta haɗa jimla tata ta kanta, ko da ta kira motar hedimasta "she" saboda a wurinta mota mace ce, ka ba ta maki cikakke tukuna, gyara ya jira mako mai zuwa.

Allah ya ba da ladan haƙuri, ya kuma sa albashi ya zo a kan kari. Haza wassalam.