Rabon Kwana a Gidan Coltrane

Akwai wata ƙarya da ake yi wa duk wanda ya rungumi jita ya ce zai koyi kiɗan jaz, kuma masu yin ta mutanen kirki ne, da kyakkyawar niyya suke yi. Cewa suke: "Malam, bar lissafin nan, rufe ido ka kaɗa abin da ke zuciyarka." Shawarar tana ci a kan kiɗa mai sauƙin hali irin buluz, inda sauti biyar kacal za su kai mutum gida lafiya ko da rabin hankalinsa yana kan tuwon dare. Sai ranar da aka ajiye masa "Giant Steps" na John Coltrane. Ya rufe ido, ya kasa kunne ga zuciyar, ya ji babu abin da take yi sai dukan uku-uku. Ina cikin jama'ar da wannan kiɗa yake ci wa mutunci, don haka ina da bakin magana. Ra'ayina shi ne, abin da ake kira ƙirƙira nan take a kan wannan kiɗa, mafi yawansa hadda ce da aka yi a ɗaki tun ba a kunna fitilun dandali ba, kuma wanda ya raina haddar zai sha kunya a bainar jama'a.

Bari mu fara da lissafi, don a san girman masifar. Kiɗan gajere ne, zango 16, kowane zango bugu huɗu. A cikin wannan ɗan fili Coltrane ya cusa dunƙulen sauti 26, wato sautukan nan uku ko huɗu da ake bugawa tare, waɗanda su ne ƙasar da mai ƙirƙira yake takawa. A faifan da aka naɗa a New York cikin watan Mayu na 1959, wanda kamfanin Atlantic ya fitar a farkon 1960, gudun ya kusa bugu 300 a minti ɗaya. Ke nan zagaye guda yana ƙarewa cikin kimanin daƙiƙa 13, kuma ƙasa tana sauyawa ƙarƙashin ƙafarka kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. Gudun ma da sauƙi. Yawancin kiɗa gida ɗaya gare shi, yana fita yana dawowa, in ma ya yi ƙaura maƙwabta yake shiga: gidan C da gidan G, alal misali, sauti shida cikin bakwai duk nasu ɗaya ne. Shi kuwa wannan ɗakuna uku gare shi, B da G da E♭, kuma zaman kishiyoyi suke yi. Kowane biyu sauti uku kawai suka haɗa, kuma cikin sautuka 12 da ke akwai, babu ko ɗaya da duka ukun suka amince da shi. Mai jita shi ne maigidan, ana kuma sauya masa ɗakin kwana sau goma cikin daƙiƙa 13 ɗin nan. Kalmar da ta sa uwargida murmushi, kafin ya rufe baki ya tsinci kansa a ɗakin amarya, inda ita wannan kalma zagi ce.

Yadda abin yake kasancewa kusan iri ɗaya ne ga dukanmu. Mutum yana shiga zangon farko da ƙarfin gwiwa, domin B ce, kuma ya kwana yana shirya mata. Kafin ya gama jin daɗin sautinsa na biyu, masu rakiya sun ratsa G sun sauka E♭. Sai ya tsaya cik, ya ɗaure fuska yana gyaɗa kai a hankali, don 'yan kallo su ɗauka shirun nan ma fasaha ce. Suna dawowa B a zango na bakwai ya yi wuf ya cafke su, ya samu sauti uku masu kyau, suka sake kufce masa. A zagaye na uku za ka ga ya juya yana murɗa na'urar ƙara sauti da fushi, wai ko za a ɗora mata laifin. Jita kuma tana da nata mugun halin. A fiyano kowane sauti maɓalli ɗaya gare shi, ko ka same shi ko ka rasa. A jita sauti guda yana iya zama a wuri huɗu ko biyar a kan tsirkiyoyi shida, kuma mai rabin daƙiƙa a hannu ba ya bukatar zaɓi, yana bukatar hanya. Ga kuma tarkon da ke tsakanin tsirkiyar G da ta B, inda ɗaurin ya bambanta da na sauran, ta yadda salon yatsun da ya zauna daram a can sai ya goce da gaɓa ɗaya in ya tsallako nan.

Wanda yake ganin wannan matsalar 'yan koyo ce kawai, ya je ya saurari faifan asali. Mai fiyano a ranar Tommy Flanagan ne, ɗan Detroit, wanda ya kaɗa da Sonny Rollins a Saxophone Colossus a 1956, ya kaɗa da sarkin jita Wes Montgomery a 1960, ya kuma yi shekaru yana raka Ella Fitzgerald. Kunne da zuciya, babu wanda zai ce ya rasa ɗaya. Labarin da ya shahara shi ne ya ga takardar kiɗan tun kafin ranar, ya ɗauka abu ne da za a yi a tsanake. Da aka ƙirga gudun, sai ga gwani yana fara zance yana yankewa, ya fara ya yanke, har daga baya ya haƙura ya koma buga dunƙulen sautin kawai, Coltrane kuma ya dawo da saksofon ɗinsa ya share fage. Aka buga faifan a haka, duniya tana saurare har yau. Sai a 1982, shekara 23 bayan nan, Flanagan ya sake naɗar kiɗan a faifansa na tunawa da Coltrane, ya kaɗa shi tas. Tsakanin 1959 da 1982 ba sabuwar zuciya aka dasa masa ba. Zama ya yi da kiɗan.

Shi kansa Coltrane fa? Masu bin diddigi sun rubuta abin da Coltrane ya busa sauti bayan sauti, kuma abin da ya fito yana da ban dariya: mutumin da ake ɗauka wahayi ne yake sauko masa, 'yan guntayen salo ne yake ta juyawa. Wanda ya fi yawa shi ne sauti na ɗaya, na biyu, na uku da na biyar na dunƙulen da ake kai, yana maimaita shi har mai ƙirga ya gaji. Dalilin a fili yake. A wannan gudu, dunƙulen da ke da bugu biyu sauti huɗu kawai yake ɗauka, kuma duka huɗun za su fita cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Babu tunanin ɗan Adam da yake zaɓar sauti goma a daƙiƙa ɗaya ɗaya bayan ɗaya. Yatsu ne suke tilawar abin da suka haddace. An kuma san Coltrane da jarabar atisaye, sa'o'i a jere, da nazarin littafin Nicolas Slonimsky na 1947 mai cike da jerin sautuka. Ya shigo sutudiyo da kiɗan a yatsunsa. Sauran takarda aka miƙa musu.

Za a ce mini: to in haka ne ai ba ƙirƙira ba ce, aikin aku ne. Ban yarda ba, kuma hujjar tana cikin ma'ajiyar Atlantic, wadda daga baya ta fitar da sauran naɗe-naɗen da aka yi wa kiɗan. Guntayen suna nan a kowanne, amma zancen ya bambanta: inda ya hau a nan, a can sauka ya yi, inda ya ja sauti ɗaya ya riƙe a nan, a can ruwan sautuka ya zubo. Zaɓi bai mutu ba, matsayi ya sauya. Maimakon ya zaɓi sauti, yana zaɓar guntu, da inda zai dosa, da lokacin da zai yi numfashi. Aku yana maimaita zance ne daga farko har ƙarshe, kuma lallai akwai akuna a cikinmu, masu haddace duk abin da Coltrane ya busa su zo su zazzage shi a gaban mutane. Ana gane su da zarar mai ganga ya ɗan sauya gudu, ko wani ya yi tari a zango na biyar, sai su koma farko. Laifinsu shi ne sun haddace dogo maimakon gajere.

Mu masu jita muna da wata dabarar da muke alfahari da ita, kuma dole a yi mata adalci. Tun da wuyan jita gaɓa 12 ne kafin sauti ya maimaita kansa, ɗakunan uku kuwa sun raba 12 ɗin nan daidai wa daida, to ai sai ka koyi salon yatsu ɗaya, ka riƙa zame hannu gaɓa huɗu sama ko ƙasa duk lokacin da aka sauya ɗaki. Lissafin daidai ne, babu sautin da zai fita a karkace. Illar ita ce, kunne yana jin ɗinkin. Kowace jimla tana farawa daga wuri ɗaya ta mutu a bakin ƙofa, hannu kuma yana ta safa da marwa a wuyan jita har kafaɗa ta yi tsami. Abin da ya sa Coltrane yake da daɗin ji shi ne yadda sautin ƙarshe na wannan ɗaki yake zamewa zuwa sautin farko na wancan ta mafi kusancin hanya, sau da yawa rabin taki kawai. Wannan kuwa yana bukatar mai jita ya san duka ɗakunan uku a wuri ɗaya, cikin gaɓa huɗu ko biyar, ba tare da hannu ya tashi ba. Ka ga dabarar gudun hadda ta dawo da mu kan haddar da ta fi ta farko wuya.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu cewa: ina amfanin wahalar? Suna da abin riƙewa. Makonni kaɗan kafin naɗin "Giant Steps", Coltrane yana tare da Miles Davis a faifan Kind of Blue, inda "So What" take zaune a kan jerin sauti biyu kacal tsawon zango 32. A ƙarshen 1960 ya naɗi "My Favorite Things", yana shawagi na dogon lokaci a kan ƙasa da kusan ba ta motsi, kuma "Giant Steps" bai zama abin da yake yawan kaɗawa a dandali ba. Mai ɗaki ya tashi, mu baƙi muna ta share tsakar gida. Na kuma yarda cewa a wuraren da makaɗa suke haɗuwa su gwada juna da dare, mai kiran wannan kiɗa ba kullum don son kiɗa yake yi ba, wani lokaci so yake ya rage layin masu jiran hawa dandali. Amma a duba tsarin tafiyar. Coltrane bai isa wannan sakewar ba sai da ya ratsa ta cikin ƙuncin, har ma yakan cusa zagayen ɗakunan nan uku a cikin wasu kiɗe-kiɗen, kamar yadda ya yi a "Countdown". Mai jitar da ya koyi tsallaka ƙofa cikin rabin daƙiƙa, idan ya koma kan kiɗan da yake sauya gida sau biyu ko uku kawai, zai ji kamar an ba shi hutun shekara.

Kuma babu dokar da ta ce sai an yi shi da gudun 1959. Joe Pass ya kaɗa shi shi kaɗai da jitarsa a faifan Virtuoso na biyu a 1976, ba mai ganga a bayansa yana kora. Pat Metheny, a faifansa na mutum uku da ya fito a 2000, ya sassauta gudun ya ɗora shi a kan rangajin bosa nova na Brazil, sai ga kiɗan da ake tsoro ya fito da daɗi, kuma babu wanda ya ce ya ji tsoro. Don haka ɗan koyo ya saita na'urar ƙidayar bugu a kan 80, inda zagaye ɗaya zai ɗauki daƙiƙa 48, ya kama sauti huɗun nan ya bi da su dunƙule 26 ɗaya bayan ɗaya, safe da yamma. Maƙwabta za su yi watanni suna jin abu ɗaya ta katanga, ba waƙa ba, ba kuka ba. Wata rana dattijon unguwa zai tare shi a hanya, ya gaishe shi da tausasawar da ba a saba ba, ya ce: "Ɗana, jikin dai da sauƙi ko?"