Mazhabar Aljihu da Mazhabar Hannu

A ƙasar Amurka, inda Allah Ya hore wa mutane wadata har suka rasa inda za su kai ta, akwai wata irin sukuwa ta babura wadda duk tsawon filinta rubu'in mil ne, wato mita 402, kuma ƙungiyar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, tana cikin manyan masu shirya ta. Mutum biyu ke jerawa, fitila ta ba da izini, kafin mai kallo ya gama hamma an san wanda ya ci.

To, a kan wannan ɗan fili ne malaman fannin suka rabu mazhaba biyu, saɓanin da har yau ba a sami ijma'i a kansa ba. Ta farko ita ce Mazhabar Aljihu. Mabiyinta yakan sayi Suzuki Hayabusa, babur ɗin da a shekarar fitowarsa, 1999, ya haura kilomita 300 a awa, amma ya dube shi ya ce gurgu ne. Sai ya kai wa makanike, a ja masa tayar baya ta yi nisa don kada ya miƙe tsaye kamar ingarman da aka fizgi linzaminsa, a ɗaura masa tulun iskar naitiros, a sa na'urar sauya giya da danna maɓalli, a haɗa da kwamfuta mai gadin taya kada ta zame, har ya zamana abin da ya rage wa mahayin bai wuce ya rungumi tanki ya yi ta addu'a ba. In ya ci, gwanintarsa ce. In ya faɗi, makanike ne ya ci amana.

Ta biyu kuwa, Mazhabar Hannu, dattawa ne masu furfura, waɗanda a wurinsu duk abin da ke da waya bidi'a ne, alhali kuwa da za ka leƙa garejin ɗayansu da tsakar dare, da ka tarar da shi durƙushe da tocila a baki, yana ɗaura irin na'urar da ya tsine wa da rana.

Amma alƙalin da ba ya karɓar toshiya ita ce fitilar tashi. Wanda ya yi gaggawa ya motsa kafin koriya ta kama, ja za ta kama masa, ya faɗi nan take ko da dukiyar Ƙaruna ya zuba a inji. Wanda kuma ya yi nawa wajen sakin kuloci, da yake agogonsa ba ya fara ƙirga sai ya motsa, yana iya komawa gida da takardar shaida cewa babur ɗinsa ya fi na abokin karawarsa gudu, ga shi kuwa wancan ya riga shi isa ya ɗauke kofi.

Saboda haka, ya kai mai niyyar sayar da gona don ƙara wa babur ƙarfi, ka fara auna hannunka tukuna, kada a ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.