Yadda ake rage teɓa da silifa a Dutse

Duk wanda ya ƙudurta zai rage teɓa da takalmi, sai ya fara da gane kayan. Silifa ce mai kaurin ƙasa, wata kuma ƙasanta a lanƙwashe kamar gindin ƙwarya, ta yadda in mutum ya taka sai ya ji yana ɗan tangaɗi. Wannan tangaɗin ake sayarwa. Masu yin ta sun ce ƙoƙarin da jiki ke yi don kada ya faɗi shi ke ɗaure tsokar sharaɓa da cinya da ɗuwawu, har ya ƙona kitse. Idan aka ci karo da ita a tulin gwanjo, a kasuwar Dutse ko ta Shuwarin, mai kayan zai ƙara nasa gishirin: "Hajiya, ki dai saka kawai, tumbi da kansa zai zube."

Hajiya ta yi murmushi, ta gwada, amma kada ta buɗe jaka tukuna. Akwai tarihin da ya kamata ta ji.

Wani injiniya ɗan Suwizalan, Karl Müller, shi ya fito da irin wannan takalmi mai suna MBT bayan ya ji daɗin tafiya ba takalmi a gonakin shinkafa na Koriya. A 2007 silifar FitFlop ta fito a Landan, manyan kamfanoni kuma suka bi sahu. Reebok ya yi tallar cewa takalminsa EasyTone na ƙara wa tsokar ɗuwawu ƙarfi da kashi 28 cikin ɗari, ta cinya da ta sharaɓa kashi 11. Sai a 2010 masu bincike a Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse suka ɗora 'yan mata a kan injin tafiya, suka auna numfashi da bugun zuciya da aikin tsoka, da irin wannan takalmi da kuma kambas na yau da kullum. Ba su ga wani bambancin kirki ba. A 2011 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa Reebok ya amince ya biya dala miliyan 25 don a mayar wa jama'a kuɗinsu. A 2012 Skechers ya amince ya biya dala miliyan 40 a kan takalminsa Shape-ups, wanda Kim Kardashian ta yi wa talla. Hukumar ta kuma bayyana cewa mai gyaran ƙashin da ya yabi takalmin a talla, matarsa babbar ma'aikaciya ce a sashen tallan kamfanin.

Da wannan labarin a baki ake yin ciniki. A taya a kuɗin takalmi, a cire kuɗin magani.

To, an saya an kai gida. Nan ne yawancin mutane ke kuskure: su jera silifar a bakin ƙofa, su zura ta daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure su haye acaɓa, bayan wata guda su ce an cuce su. Hanyar da ke aiki ita ce a saka ta a yi tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa sau biyar. Ma'aikacin sakatariya ya sauka daga adaidaita tun da sauran tazara, ya ƙarasa da ƙafa. Ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Dutse ta daina jiran abin hawa a kan tafiyar minti goma. A watannin zafi kuwa, bayan sallar asuba ne lokacin, kafin duwatsun garin su ɗauki rana su fara mayar da ita. A yi saurin da zai sa numfashi ya ɗaga, amma a iya amsa gaisuwa. Wanda ya jure haka, ya kuma rage malmala ɗaya da lemon kwalba, zai ga mazugin wandonsa ya ƙara tsawo. Maƙwabcinsa mai takalmin roba da suke fita tare shi ma zai gani, kuma wannan ne abin da tallar ba ta faɗa ba.

Mai marmarin tangaɗin da gaske ma ba sai ya biya ba. Rairayin hanyar gona yana sa ƙafa aiki fiye da kwalta, manomi da mai tallar nono sun daɗe da sanin haka.

Akwai waɗanda ya fi musu alheri su bar silifar a tuli. Dattijo ko dattijuwar da jiri ke ɗiba, da mai juna biyu da cikinta ya tsufa, ba su da buƙatar takalmin da aka ƙera don ya karkatar da mutum, balle a hanya mai tsakuwa ko hawan dutse wajen Garu, inda targaɗe ke kusa. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwar ji shi ma takalmi rufaffe mai laushin ciki ya dace da shi, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, in ya ga ƙuje ko kumburi ya nufi asibiti washegari.