Shawarwari Ga Ɗan Damargu Da Ya Faɗa Karatun Kontabilite

Idan ka ci bak daga Tanut ko Balbeji, ka ɗauki akwatinka zuwa Tawa ko Yamai don karatun kontabilite, ko tafiyar da kamfani, ko tattalin arziki, to sannu da shigowa cikinmu. Ba zan ɓata maka lokaci da zancen tashi da asuba da kama littafi ba. Wanda ya taso yana jan guga a rijiyoyin Damargu ba ya bukatar a koya masa haƙuri. Ban daɗe da fitowa daga jarrabawar shekara ta biyu ta lisansi ba, zafinta bai bar jikina ba tukuna, shi ya sa nake son ka ji waɗannan tun da wuri.

Na ɗaya, ka haddace lambobin asusu kamar yadda ka haddace sunayen dangin mahaifiyarka. Tsarin lissafin da za a koya maka shi ne SYSCOHADA, na ƙasashe 17 da ke cikin yarjejeniyar OHADA ta 1993, kuma sabon fasalinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Wannan ranar ta shafe ka, domin idan wani yayanka ya ba ka tsohon littafinsa da zuciya ɗaya, ka duba shekarar bugu kafin ka yi godiya. 401 mai sayar maka da kaya, 411 mai saye a wurinka, 521 banki, 571 kuɗin da ke cikin akwati. Debi a hagu, kiredi a dama, haka abin yake tun littafin Luca Pacioli na 1494. Kada saƙon banki ya ruɗe ka idan ya kira kuɗin da suka shigo maka kiredi. Banki daga gefensa yake rubutu, a wurinsa kai mai binsa bashi ne.

Na biyu, ranar da hagu da dama suka ƙi daidaita, ana saura minti goma a karɓi takarda, kada ka fara goge komai. Raba bambancin gida biyu, ka nemi wannan adadin, wataƙila ka sa shi a gefen da ba nasa ba. Idan kuma bambancin ya rabu da 9 ba saura, wataƙila lambobi ka juya, ka rubuta 54 a wurin 45. Wannan shawarar kaɗai ta isa ka sa ni a addu'a.

Na uku kuwa dala ce, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mu da dala muke ƙirga kuɗi tun muna yara. Dala ɗaya sefa 5, ashirin sefa 100, ɗari sefa 500, jika sefa 1,000. Kanka ya shekara ashirin yana ninka komai sau biyar ba tare da ka sa shi ba, sai ga takardar jarrabawa da sefa zalla, da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kai. A aji ka rufe ƙofar dala ruf. Amma ran da ka dawo hutu Kawu ya miƙa maka littafin shagonsa ya ce, “Ɗana, tunda lissafi aka tura ka karanta, duba mini wannan,” ka buɗe ta da sauri. Wani layin da dala ya rubuta shi, wani da sefa, kayan da aka saro daga Kano kuma da naira, a canjin ranar da babu wanda ya tuna.

Littafin nan na Kawu ya fi kowace jarrabawa wuya. An koya maka cewa aljihun mai shago daban, akwatin shago daban, har akwai asusu na musamman, 104, don abin da mai shago ya ɗiba wa kansa. To je ka faɗa wa Kawu cewa sukarin da aka kai wa Inna da kuɗin ragon suna sai an rubuta su. An koya maka cewa bashin da ake shakkar biyansa ana ware shi, a rage darajarsa a lissafi. Mutumin da ake shakka ɗin surukin Kawu ne, kuma yana zaune a kan benci a ƙofar shagon yana jiran shayi. Kada ka ɗaga murya. Ka ce, “Kawu, bari in buɗe shafi ɗaya na abin da gida ya ci, don kai kaɗai.” Yawanci zai yarda, domin shi ma ya daɗe yana mamakin inda riba take shiga. Kuma kada ka raina shi: sunan kowane mai bashi, da ƙauyensu, da watan da zai iya biya, duk suna kansa.

Na huɗu ne ko na biyar, ka ƙirga da kanka, kai ne mai karatun lissafi. Abin da ke ci mini rai misalan littattafanmu ne. Kamfani kaza a birnin Turai ya sayi inji, ka lissafa tsufansa a shekara biyar. Masana'anta kaza tana ƙera kujeru dubu. Shekara biyu ina neman tiya ɗaya ta hatsi a cikin shafukan nan ban gan ta ba, alhali Damargu rumbun hatsi ce tun zamanin ayarin da ke bi ta Agadas zuwa Tarabulus, kuma wani masani, Stephen Baier, ya rubuta littafi guda a 1980 kan tarihin tattalin arzikin yankin nan namu. Tsarin lissafin kansa ya san da dabba: sān noma yana aji na 2 tare da injuna, ragon da ake kiwatawa don sayarwa yana aji na 3 tare da haja. Me zai hana a ba mu aikin gida da raƙumi?

A darasin tattalin arziki za a zana maka layi biyu masu gittawa, ɗaya na bukata ɗaya na kayan da ke kasuwa. Ka karance su da kyau, domin labarin gidanku ne. Da kaka kowa ya fito da hatsi a lokaci ɗaya, ga bashi ga biki, farashi ya faɗi. Kafin damina ta kankama rumbu ya ƙare, manomin ya koma sayen abin da ya noma da tsada. A 2005 an ga hatsi a kasuwa, amma kuɗin dabba ya karye, makiyayi ya sayar da akuya bai samu abin da zai kai gida ba. Amartya Sen ya bayyana irin wannan yunwar tun 1981, wadda ake yi abinci yana nan ikon sayensa ne babu. Duk wanda ya taso tsakanin Tarka da Gangara ya san wannan tun kafin a ba Sen kyautar Nobel a 1998, kuma yana da haƙƙin a koya masa shi da misalin garinsu. Warantaji, wato ajiye hatsi a sito a karɓi rance a kansa har farashi ya tashi, ya fi shekara ashirin ana yin sa a Nijar. Lissafin ruwan rancen da kuɗin ajiya da ribar jira, wannan aikin ɗan lisansi ne tsaf.

Akwai shawara kan kuɗin fotokofi da yadda ake sa jika biyu ta kai ƙarshen wata, amma wanda ya gano hanyar ya rubuto mini.

Batun istaj kuma, kowa idonsa yana kan matatar mai ta Soraz, wadda ke cikin gundumar Tanut kanta, tana aiki tun 2011. Ka kai takardarka, ba laifi. Sai dai kujerun kowane babban kamfani ƙidayayyu ne, mu kuma muna da yawa. Idan ba ta samu ba, nemi ƙungiyar manoma ko bankin hatsi na ƙauye wanda littafinsa ke hannun mutum ɗaya mai gajiya, ka zauna da shi wata biyu. Ko ka yi rahotonka na ƙarshe a kan kasuwar dabbobi ta Bakin Birji: wa ke sa farashi, nawa ne la'adar dillali, kashi nawa na cinikin bashi ne, kuma me ke faruwa da kuɗin rago idan naira ta faɗi ko aka rufe iyaka kamar 2019. Ka je da sassafe, ka gaida sarkin dillalai kafin ka fito da biro, kuma ka ja layi biyu a kowane shafi, ɗaya na dala ɗaya na sefa.