Sha-ka-tafi ne ko an ba ka gado? Jagorar mai katin inshorar lafiya

Maigida, fara da nemo katin. Yana nan cikin aljihun babbar rigar Sallar bara, tare da busasshen goro da rasit ɗin kuɗin wuta. Karkaɗe shi, ka zauna ka karanta takardar da aka haɗo maka da shi tun kana da ƙoshin lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da zazzaɓi ke kaɗa maka haƙora ba ranar nazarin ƙa'idoji ba ce.

Inshora ta kasa marasa lafiya gida biyu, kuma ba da ƙarfin nishi take rabon ba. Da gado take yi. Kashi na farko shi ne wanda ya zo ya ga likita, aka ɗebi jininsa, aka ba shi magani, ya koma gida ya tarar da tuwon dare. Iyayenmu sun daɗe da raɗa wa wannan suna: sha-ka-tafi. Kashi na biyu shi ne wanda likita ya rubuta da hannunsa a fayil cewa a kwantar da shi. Wannan ne aka ba gado.

A nan mutane suka fi tuntuɓe. Kwanciya daban, kwantarwa daban. Ana iya shimfiɗe ka awa biyar ana yi maka ƙarin ruwa, gwaggo ta iso da filas ɗin kunu, abokan majalisa su jeru suna “Allah ya sawwaƙe”, amma a takarda kana nan a sha-ka-tafi. Yawan 'yan dubiya ba ya mayar da mutum mai gado. Don haka ɗaga kai ka yi tambaya cikin ladabi: “Sista, an ba ni gado ne a rubuce, ko dai ana duba ni ne tukuna?” Amsar ce za ta nuna maka daga wace jaka za a biya kuɗin.

Ga yadda jakunkunan suke a tsarin gwamnatin tarayya, wato NHIA, wadda ta gaji NHIS bayan Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a 2022. Jaka ta farko ita ce wannan: asibitin da ka zaɓa yana karɓar wani ƙayyadadden kuɗi a kanka, ko ka je ko ba ka je ba. Daga nan ake duba zazzaɓin cizon sauro da mura da gudawa da awon ciki. Saboda haka daina shiga asibitin kana sanɗa kamar mai neman bashi wurin suruki. An riga an biya. Abin da ke kanka a wurin magani kashi 10 cikin 100 ne: idan na naira 5,000 ne, ka miƙa 500. Sai dai maganin da ke cikin jerin hukuma za a ba ka. In ranka ya kafe a kan mai kwali mai sheƙi da ka gani a hannun maƙwabci, ka tanadi kuɗinsa.

Idan abin ya girma, ya kai ga tiyata ko ganin ƙwararren likita ko kwanciyar da ta fi ƙarfin ƙaramin asibiti, sai jaka ta biyu ta buɗe, kuma ita makullai biyu gare ta. Na farko takardar tura ka daga asibitinka. Na biyu lambar izini daga kamfanin HMO da ke kula da rajistarka, wadda ma'aikata ke kira kod. Ka ɗauki lambar nan kamar sadaki: ko malamai sun hallara, ko an raba goro, sai an ji labarinta. Kada ka tsallake asibitinka ka faɗa babban asibiti kai tsaye don ɗan'uwan matarka yana aiki a can. Zai yi maka iso wurin likita, amma ba zai iya haifar maka kod ba.

A 2025 hukumar ta umarci kamfanonin su riƙa ba da lambar cikin awa ɗaya, kuma a halin gaggawa a fara ceton rai kafin a neme ta. Ka riƙe wannan da kyau, ka faɗe shi a tsanake idan ana jan ƙafa. Lambar wayar kamfanin kuwa ka sa ta a wayar uwargida, domin wayar marar lafiya ba ta taɓa samun caji.

To, an ba ka gado. Gadon ɗakin gama-gari ne, inda za ka san sunan maƙwabcinka da ciwonsa da rigimar gadon gidansu kafin asuba. Idan kana son ɗakin aminiti mai sanyi da firji, tambayi abin da za ka cika. Kwanakin da inshora ke ɗauka a shekara ma ƙidayayyu ne, ka san adadinsu tun ranar farko. Tabarmar mai jinya da kwanon abinci daga gida suke zuwa.

Ku kuma masu sayen inshora ta kamfani mai zaman kansa, za ku ga iyaka biyu a takarda, ɗaya ta sha-ka-tafi, ɗaya ta kwanciya, wani lokaci da ta tiyata daban. Ido yakan fara sauka a kan ta sha-ka-tafi, don ita ake taɓawa kusan kowane wata. Ni dai ina roƙonku ku fara duba ta kwanciya. Ban taɓa jin wanda ya sayar da gona don sayen farasitamol ba, amma na ga gidajen da tiyata ɗaya ta raba su da fili da keken ɗinki da akuyoyin uwargida. Wannan ce ta sa nake damun mutane da zancen nan. Ku tambayi lokacin jira kuma, musamman na haihuwa, tun kafin ciki ya fito.

Akwai batun su wa kati ya ƙunsa. A tsarin ma'aikatan tarayya, mutum ne da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Mai mata biyu da yara tara ya je ya yi wa sauran rajistar ƙari ya biya, tun kafin ranar da amarya za ta ji a bakin akawun asibiti cewa babu sunanta. Wannan ciwon ba ya cikin jerin da inshora ke warkarwa.

Ranar sallama, kada murna ta sa ka fice da silifa ɗaya. Da ka taka ƙofa ka koma ɗan sha-ka-tafi: wankin rauni, cire zare, dawowa ganin likita, maganin da za ka tafi da shi gida. Tsaya a teburin inshora ka tambaya ko kod ɗin kwanciyar ya haɗa da su ko sai an nemi sabo, kuma a wane asibiti za a yi. Karɓi takardar sallama, ɗauki hotonta a waya, sannan ka bar yara su kwashi filas da bokiti.